Takalmina na hagu yana Kinder Scout

Wani oga cikin abokanmu ne ya kitsa tafiyar, ba sai na kama suna ba. Wai mu je shan iska ranar Asabar a Kinder Scout, wani tsauni a Ingila. Muka hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Edale, ƙauyen da ke gindin tsaunin, muka kama matattakalar dutsen da ake kira Jacob's Ladder, ina ta cika baki: ni da nake hawa Dala da azumi a bakina, tsaunin mita 636 me zai yi mini?

Ashe saman Kinder Scout ba dutse ba ne, fili ne fetal na baƙar laka, ruɓaɓɓen gansakuka na dubban shekaru. Hazo ya sauko. Oga ya ce a bar hanya a yanke, wai wayarsa ta nuna ƙololuwar na nan kusa. Na hango wani wuri kore shar, lumui kamar sabuwar darduma. Na daka tsalle.

Jama'a, har cinya! Na ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara lumewa. Na ja ta hagu, ƙasa ta yi wani irin tsotso, cakwal, na ji takalmina ya yi sallama da ni. Ina salati, ina kiran mutumin nan namu na Zariya: "Malam, miƙo hannu mana!" Ya ce, "Tsaya tukuna, ban kunna bidiyo ba." Mutumin da tun ƙaramar Sallah nake binsa fam ashirin! Kullum "gobe in sha Allahu". A ɗakina ya kwana sati biyu da ya zo garin nan, yajin da Hajiya ta aiko mini shi ya cinye, yau kuma ni ne fim.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta ɓullo daga cikin hazon, ta kusa sa'ar kakata, da sanduna biyu da kare. Ko dariya ba ta yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta ce koren wuri shi ne mai zurfi, in kwanta rub da ciki. Na baje kamar ƙadangare, ta miƙo sanda tana ja, karen kuma ya samu fuskata daidai bakinsa, ya lashe ni tas.

Da ledar burodi a ƙafa na sauko Edale. Ƙololuwar kuwa, an ce 'yar tarin duwatsu ce, ba mu ma gan ta ba. Bidiyon an ce ya kai Zariya.