A daina kiran oksitosin "sinadarin soyayya"

Jama'a, akwai maganar da ke yawo a shafukan sada zumunta, wai oksitosin shi ne sinadarin soyayya, testosteron kuma na faɗa da zafin kai. Tana da daɗin ji, amma ba haka bincike ya nuna ba. Abin yana damuna, domin a kan wannan gurguwar fahimta ake yanke wa halin ɗan Adam hukunci.

Oksitosin ɗan ƙaramin homon ne, wato sinadarin da ke kai saƙo a jiki, amino asid (tubalan furotin) 9 kacal. A ƙasan ƙwaƙwalwa ake haɗa shi, daga nan a sake shi cikin jini. Aikinsa da babu jayayya a kai shi ne matse mahaifa lokacin naƙuda da sako ruwan nono. Masanin kimiyya Vincent du Vigneaud ya harhaɗa shi a ɗakin gwaji a 1953.

Sunan oksitosin ya fita ne a 2005, lokacin da masu bincike a Zurich suka fesa wa maza shi a hanci, suka sa su wasan ba da amanar kuɗi. Cikin mutum 29 da suka shaƙi maganin, 13 sun miƙa duk abin da ke hannunsu, a rukunin da aka fesa wa maganin banza kuwa 6 ne cikin 29. Duniya ta ɗauka. Sai dai da aka maimaita gwajin da maza sama da 600, aka wallafa a 2020, ba a ga wannan tasirin ba. Ba abin mamaki ba ne: mutum 29 sun yi kaɗan, abin da ke isa ƙwaƙwalwa daga feshin hanci ɗan kaɗan ne, a cikin jini kuma homon ɗin ba ya wuce 'yan mintuna. Ko awonsa ma yana da tarko, idan ba a tace jinin ba kafin a gwada, adadin kan ninka na gaskiya sau goma ko fiye.

Ni a ganina, hujja mafi ƙarfi tana daji, wurin birin cimfanzi. Can babu feshi, babu allura. Mai bincike yana bin biri guda tun asuba, yana rubuta wa ya taɓa, wa ya ba abinci. Idan birin ya yi fitsari daga kan reshe, sai a tara da leda ko a zuƙe daga kan ganye da ɗan bututu, a sanyaya shi nan take. Fitsarin da ya fito tsakanin minti 15 zuwa 60 bayan lamarin shi ke ɗauke da labarin. Dole kuma a daidaita awon da kaurin fitsarin, in ba haka ba birin da ya sha ruwa da yawa sai a ga kamar ba shi da homon.

A dajin Budongo na Uganda, binciken 2013 ya nuna oksitosin yana hawa idan biri ya zauna da amininsa suna tsince wa juna ƙwari a gashi, ko jininsu ɗaya ko ba ɗaya ba. Idan kuwa da wanda ba su shaƙu ba ne, hawan ba ya zuwa. Aikin hannu iri ɗaya, sakamako daban. Ke nan ba taɓawar ce ke magana ba, dangantakar ce. Bayan shekara guda aka gano raba abinci ya fi tsintar gashi ɗaga shi.

Ga inda sunan "soyayya" ya faɗi warwas. A dajin Taï na Kwaddibuwa, a 2017, an ga oksitosin yana tashi lokacin da birai ke haɗa kai su fita sintirin iyaka, da lokacin arangama da maƙwabta. Sinadarin da ke ɗaure aminai shi ne ke ɗaure mayaƙa. A mutane ma, mai bincike Carsten De Dreu ya nuna a Amsterdam a 2010 cewa yana ƙara fifita 'yan rukuninka da kare su daga na waje.

Testosteron shi ma an yi masa mummunar fahimta. A Cebu ta Filifin an bi samari 624 tsawon shekaru, waɗanda suka yi aure suka haihu nasu ya sauka da kashi 26 cikin ɗari da safe, 34 da yamma, ya fi sauka ga masu renon jariri da hannunsu. Hali yana juya homon, kamar yadda homon ke juya hali.

A wani gwajin na 2010 a Zurich, an sa wa mata testosteron miligiram 0.5 a ƙarƙashin harshe, aka ba su kuɗi su raba da wani. Waɗanda suka sami testosteron na gaske sun fi yin adalci a rabon. Waɗanda kuwa suka ɗauka a ransu cewa shi aka ba su, ko da maganin banza suka sha, su ne suka fi ƙwauro.