Yaranmu suna kallonmu ranar Asabar

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. Wannan magana ni ta fara kamawa kafin ta kama kowa, saboda haka kada wani ya ɗauka da shi nake.

Jiya Asabar, bayan mun taso daga sujada mun ci abinci, na tarar da ɗana mai shekara 9 ya laɓe a bayan ɗaki yana wasa da wayar mahaifiyarsa. Na ƙwace wayar, na yi masa faɗa sosai, na tuna masa cewa yau rana ce mai tsarki. Yaron bai yi gardama ba, sai da na juya zan tafi ya ce a hankali, "Baba, ai ɗazu na ga kana duba ƙwallo a taka wayar." Kuma gaskiyarsa ce. Ina zaune da Littafi Mai Tsarki a buɗe kan cinyata, amma yatsana yana kan waya, ina leƙen ko an ci a wasan Firimiyar Ingila. Na rasa bakin magana, kuma har na kwanta kunyar ba ta sake ni ba.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga cewa Asabar ɗin nan ta lalace mana tun ranar Juma'a. Asabar mai tsarki a wurinmu tana farawa ne daga faɗuwar ranar Juma'a, amma rana ta faɗi muna kan hanyar dawowa daga kasuwa, uwargida ta ɗora tukunya bayan duhu ya yi, ni kuma ina hura gawayin dutsen guga domin rigar da zan sa, yara suna ta kai da kawowa ba wanda ya kira su a yi waƙa ko addu'a. Da safe kuwa sai tsawa, wannan ya ɓatar da takalminsa, waccan ba a yi mata kitso ba, muka isa majami'a an kusa gama Makarantar Asabar, wato nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi kafin wa'azi. To me yaro zai koya daga irin wannan? Abin da zai gane shi ne, Asabar rana ce da Baba yake fushi, Mama take gajiya.

Mun sani sarai cewa a jeji Allah ya riƙa saukar wa Isra'ilawa manna, wato abincin da ya ciyar da su da shi daga sama, ninki biyu a rana ta shida, domin kada kowa ya fita nema a ta bakwai. Shi da kansa ya tanadi ranar shiri, mu ne muka mayar da ita ranar cike giɓin mako. Nehemiya, gwamnan Yahuda, kuma bai jira gari ya waye ba. Da ya ga mutanen Taya suna shigo da kifi da kaya iri-iri suna sayarwa a Urushalima ran Asabar, sai ya sa a rufe ƙofofin birnin tun inuwar yamma tana sauka, har fatake suka kwana a bayan garu sau ɗaya ko biyu kafin su haƙura. Mu kuwa kasuwar tana cikin aljihunmu, tana ƙara tana kiranmu, kuma ba mu taɓa rufe mata ƙofa ba. Wata tana amsa cinikin atamfa ta WhatsApp a tsakiyar wa'azi, wani ya aiki yaro shago ya sayo kati, yana cewa ai ba shi ne ya je ba. Haba ɗan'uwa! Umarnin da ke Fitowa 20 ya ambaci ɗanka da 'yarka da barorinka, har dabbarka da baƙon da ya sauka a gidanka, ta yaya za ka tsarkake taka Asabar da ƙafafun ɗanka?

Akwai kuma wani laifin da ya fi wannan yi mini ciwo, wato mun mayar wa yara ranar ta zama ta "kar ka" zalla. Kar ka yi gudu, kar ka kunna, kar ka fita, sannan mu shige ɗaki mu yi barci har la'asar, mu bar su suna ƙirga awoyi suna jiran rana ta faɗi kamar fursunoni. Annabi Ishaya ya ce a kira Asabar abin murna, amma wace murna muka ba su? Ina tuna kakata, wadda ba ta iya karatu ba, tun azahar ɗin Juma'a ta gama dafa gwatenta, ta share tsakar gida, ta yi mana wanka, ta shimfiɗa tabarma tana fuskantar yamma. Tana ajiye mana soyayyar gyaɗa da ba a taɓawa sai ranar, kuma da bakinta muka haddace labarin Yusufu da na Daniyel. Mu a lokacin ɗokin Asabar muke yi, ba tsoronta ba.

Iyaye, ina roƙonku, kuma ina roƙon kaina. Juma'a mai zuwa a gama girki da guga da wanka da sauran rana, a tara yara kafin faɗuwarta, ko da waƙa ɗaya ce da addu'a gajeriya. Bayan sujada a zauna da su, a ɗauke su zuwa gaida mara lafiya ko tsohuwar da ba ta iya zuwa majami'a, a bar su su yi tambayoyinsu. Iyaye maza musamman, kada mu bar wa mata wannan kaya su kaɗai.

Ni dai yau da safe na kira ɗana na roƙe shi gafara, muka yi alkawari cewa wayata da ta mahaifiyarsa za su kwana cikin akwati daga yammacin Juma'a, kuma shi ne zai riƙe makullin. Ku sa mu cikin addu'a, don na san ba zai zo mini da sauƙi ba.