Awar farko bayan haɗari: wa ke da alhakinta a Zariya?

Duk wanda ya saba bin titin Kwangila zuwa Samaru, ko babbar hanyar Kaduna zuwa Kano da ta ratsa ta garin nan, ya san abin da ke biyo bayan haɗari. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru. Wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a ciccibi wanda ya ji rauni a naɗe shi a kujerar Keke Napep ko a shimfiɗe shi a bayan a-kori-kura. Wani ya kwara masa ruwan leda a ka, wani ya ɗura masa a baki. Duk cikinsu babu mai mugun nufi, don Zazzagawa ba sa wuce mutum kwance a titi. Sai dai wanda ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ciccibar kaɗai tana iya raba shi da tafiya har ƙarshen ransa. Wanda kuma jini ke tsartuwa daga cinyarsa, abin da zai cece shi hannu ne da zai danne wurin da ƙarfi, ba a ɗaga ba har a isa asibiti.

A ganina matsalarmu ta wuce ƙarancin motocin asibiti. Tsakanin inda mutum ya faɗi da lokacin da hannun ƙwararre ya taɓa shi akwai awa guda, wani lokaci biyu ko uku, kuma wannan lokacin ba shi da mai shi. Ɗan sanda yana ganin aikinsa bincike ne. Jami'in rod sefti yana iya bakin ƙoƙarinsa da ɗan abin da ke hannunsa. Asibiti yana ganin alhakinsa daga bakin ƙofa yake farawa. To a wannan tsakanin ne ake rasa mutane da yawa waɗanda raunin nasu ko ciwon nasu yana da magani. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan numfashi ya tsaya. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa 2 idan ba a tare shi ba. Mun yi imani kowa da ajalinsa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da neman magani, ya kuma ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya.

Ta fuskar doka an yi abin da ya kamata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. A 2017 aka ƙara da dokar da ta wajabta duba wanda aka harba da bindiga ko da babu takardar 'yan sanda. A fara jinya, sannan a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2. A 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS na agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya, da alƙawarin cewa gwamnati za ta ɗauki nauyin jinyar awa 48 na farko. Aka fara gwaji a Abuja, jihohi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Amma a tambayi ɗan acaba a PZ ko mai shayi a Ɗan Magaji lambar da zai kira idan mota ta kaɗe yaro a gabansa. Kaɗan ne za su ce 112, lambar gaggawa ta ƙasa, ko 122 ta rod sefti. Waɗanda suka sani ɗin ma ba su saki jiki cewa idan sun kira wani zai zo ba. Ga kuma tsoron da ya daɗe a zukatan mutane, cewa wanda ya kai mai rauni asibiti shi za a fara riƙewa da tambayoyi. Sannan a wurinmu motar asibiti ta fi shahara da ɗauko gawa fiye da ceto mai rai, har wasu kan tsorata idan suka gan ta a ƙofar gida. Doka ba ta goge irin wannan tunani da kanta. Sai mutane sun ga an kira, an zo, an ceci wani da suka sani, ba a kuma tsare wanda ya kira ba.

Sayen motoci shi ne ɓangare mafi sauƙi, shi ne kuma wanda ya fi jan hankalin masu mulki, domin ana iya jera su a fili a yanke ƙyalle. Ba na raina motar. Amma motar da babu mai a tankinta, babu iskar oksijin a cikinta, babu wanda ya iya buɗe hanyar numfashi ko ɗaura ƙarin ruwa tana tafe, babu kuma wanda zai gaya wa direba wane asibiti ne ke da gado da jini a daren nan, ba ta fi motar haya ba sai da jiniya.

Shi ya sa nake ganin daga ƙofar asibiti ya kamata a fara gyaran. A yawancin asibitocin ƙasar nan, ɗakin gaggawa wuri ne da ake ajiye ƙananan likitoci masu neman sanin makamar aiki, su tari duk abin da dare ya kawo, sannan su shiga kiran manya: na tiyata, na ƙashi, na yara, na mata. Kowane babba gwani ne a fanninsa. Amma wanda aka kawo a sume bai zo da takarda a goshi cewa shi na sashe kaza ne ba. Yana iya zama sikari ne ya sauka, ko hawan jini ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko guba ya sha, ko jini ne ke zuba a cikin cikinsa ba a gani. Ana buƙatar likitan da sana'arsa ke nan: ya dubi mutane goma da suka shigo lokaci guda ya gane wanda ba zai kai minti 10 ba, ya tsayar da jini, ya zura bututun numfashi, ya fitar da iskar da ta danne huhu, ya riƙe ran har ya miƙa shi ga wanda zai ƙarasa aikin. Wannan fanni ne mai zaman kansa, ana shekaru ana koyonsa bayan digirin likita. Amurka ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa tun 1979. Afirka ta Kudu ta bi sahu a farkon shekarun 2000, har ta fito da tsarin tantance marasa lafiya da launuka, ja ga wanda za a duba nan take, kore ga wanda zai iya jira, maimakon bin layi ko sanayya.

Misalin Ghana ya fi kusa da mu. A watan Mayun 2001 mutum sama da 120 suka mutu a turmutsutsun filin ƙwallo na Akara. Abin ya girgiza ƙasar, kuma a 2004 ta kafa hukumar motocin agaji ta ƙasa. Ba ta tsaya nan ba: a 2009 aka fara horar da ƙwararrun likitocin gaggawa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, da haɗin gwiwar Jami'ar Michigan, daga baya aka haɗa da nas-nas. A nan gida sai a 'yan shekarun nan ne kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas ta buɗe wa wannan fanni tsangayarsa. Mun makara, amma ƙofar ta buɗe.

Mu ma mun ga ranakun da ya kamata su girgiza mu. A ranar 7 ga Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, a tsakiyar ma'aikatan da suka je tantancewa. A ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufto kan masallata ana sallar La'asar. A irin waɗannan ranaku mutane da yawa ne ke isa asibiti a lokaci ɗaya, kuma abin da aka tanada tun kafin ranar shi kaɗai ke aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zariya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya yaye likitocin da suka riƙe asibitocin Arewa shekara da shekaru, kuma har yau daga Katsina da Zamfara da Neja ana turo masa marasa lafiya. Ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, ga makarantun koyon aikin jinya. Idan akwai garin da ya cancanci zama cibiyar horar da likitocin gaggawa da nas-nas ɗinsu da ma'aikatan cikin motar agaji a Arewa maso Yamma, to nan ne. Kuma nisan Shika kansa hujja ce: wanda ya faɗi a cikin birni ko Tudun Wada sai ya ratsa Sabon Gari ko Kwangila, ya wuce Samaru, kafin ya isa. Wanda ya taso daga Soba ko Maƙarfi ba a magana. Dole ƙananan asibitocin da ke kan hanya su iya riƙe mutum da rai kafin su tura shi gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross ta duniya suna da kwas na kwanaki 5 da aka tsara don ma'aikatan irin waɗannan asibitoci, ba ya kuma buƙatar manyan na'urori.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da nauyi. Ƙasar da asibitocin karkararta ba su da ungozoma, ga likitoci suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, ina ita ina sabon fanni? Amsata ita ce, jinyar gaggawa ba ta manyan birane da masu hali ba ce. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya sa shi sanƙarewa a Giwa, da mai cikin da jijjiga ta kama a Hunƙuyi, da manomin da maciji ya sara a gona, dukkansu masu buƙatar gaggawa ne, kuma sun fi masu haɗarin mota yawa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma jinkiri, a gida da a hanya da a asibiti, yana cikin manyan dalilai. Batun ficewar likitoci kuwa, ɗakin gaggawa da babu babba a cikinsa, babu kayan aiki, sai 'yan'uwan majinyaci da ɓacin rai ya cika, yana cikin wuraren da suka fi karya zuciyar matashin likita. Wanda aka koyar, aka ba shi matsayi da hanyar ci gaba a wannan aiki, ya fi kusa da zama.

Sai kuma mutanen kan titi, waɗanda ko mun so ko mun ƙi su ne za su fara isa wurin har nan da shekaru masu yawa. A Ghana an taɓa koya wa direbobin haya sama da 300 taimakon farko a ɗan gajeren zama, aka kuma same su daga baya suna amfani da shi. A jihohin Arewa irin su Jigawa da Yobe an yi aiki da direbobin NURTW, ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa, wajen kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. A Zariya muna da 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanul Islam, masu kaki da horo da biyayya ga shugabanci, wasu rassan har da motocinsu. Muna da ƙungiyoyin 'yan acaba da na masu Keke a kowace tasha. Abin da za a koya musu bai wuce na yini ɗaya ko biyu ba: danne jini, kwantar da wanda ya suma a kan gefensa, ɗaukar mai rauni a kan katako ba tare da lanƙwasa wuyansa ba, hana ba shi ruwa ko madara, da sanin asibitin da ya dace a nufa. A haɗa da masu ɗori, domin wurinsu ake fara kai karaya da yawa. Wanda ya san alamar ƙafar da jini ya daina zuwa mata zai tura ta asibiti kafin ta kai ga yankewa.

Duk wannan ba zai ɗore ba idan kuɗin bai bi majinyaci ba. Nas ɗin da ta ce a je a yanki kati, a sayo safar hannu da ruwan ƙari, sau da yawa ba rashin tausayi ba ne; ma'ajiyar ce babu komai, kuma abin da aka kashe kan wanda bai biya ba ita za a tambaya. Alƙawarin awa 48 kyauta yana da ma'ana ne kawai idan asibitin da ya yi jinyar ya ga kuɗinsa a kan lokaci, na gwamnati ne ko mai zaman kansa. Don haka ina kira ga wakilan Zariya da Sabon Gari a majalisar jiha da ta tarayya su nemi a riƙa bayyana wa jama'a, duk wata uku, yawan kiran da aka yi daga ƙasar Zazzau, da nawa aka amsa, da mintocin da mota ta ɗauka kafin ta isa, da abin da aka biya kowane asibiti daga wancan kashi 5 cikin 100 da doka ta ware tun 2014.