GCC Biyu da Galan Ɗin Fetur

Wani abokin aikina ne ya ba ni Raspberry Pi Zero W kyauta, kuma da na san abin da kyautar za ta ci, da na ce ya riƙe kayansa, na gode. Ƙaramar kwamfuta ce a kan ɗan allo kore, tsawonsa milimita 65, faɗinsa 30, memorinsa megabait 512. Niyyata mai kyau ce: in sa shi ya riƙa kashe famfon gidanmu idan tanki ya cika, don Hajiya ta gaji da ganin ruwa yana malala a tsakar gida. Akwai Raspberry Pi OS, babbar manhajar da ke tafiyar da allon, a shirye, saukewa kawai za ka yi ka zuba a katin memori. Amma ni gwani, na ce sam, nawa Linux ɗin, wato irin wannan babbar manhaja, zan gina, ɗan mitsitsi, daidai aikin.

Laftop ɗina da allon ba yare ɗaya suke ji ba. Shi x86 ne, allon kuwa ARM. In an ce a haɗa komai a kan allon, da ƙwaƙwalwarsa guda ɗaya tal, sai Babbar Sallah ta zo ta same ka kana jira. Saboda haka ana bukatar kwamfaila, manhajar da ke fassara rubutun shiri zuwa yaren na'ura, irin su GCC, da za ta zauna a laftop amma ta riƙa fitar da shiri da yaren ARM. Na buɗe Ubuntu, na sauke gcc-arm-linux-gnueabihf, na gyara zama.

Karnel, wato zuciyar Linux, na fara taɓawa. Na rubuta umarnin da CROSS_COMPILE, na danna, sai na'ura ta ce ba ta san wani arm-linux-gnueabihfgcc ba. Ni ma ban san shi ba. Na shafe rabin dare ina cigiyarsa a intanet, ashe ɗan karan nan ne da ake sawa a ƙarshen sunan ya yi ɓatan dabo, shi ne ta manne sunan da gcc suka zama abu ɗaya. Kara ɗaya fa, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Da na wuce nan, na haɗa wani ɗan shiri na gwaji na tura wa allon. Amsarsa gajeriya: Illegal instruction, wato bai gane umarnin ba. Bincike ya nuna kwamfailar da na sauke ARMv7 take fitarwa in ba ka hana ta ba, shi kuwa furosesan Pi Zero, BCM2835, tsohon hannu ne, ARMv6, irin na Pi na farko da ya fito a 2012. Duk ARM ne, amma tsoho bai san zancen yaran zamani ba.

Daga nan na koma Buildroot, wanda ke haɗa maka kayan aikin daga tushe. Ka rubuta make raspberrypi0w_defconfig, ka shiga menuconfig mai shuɗin fuska ka yi zaɓe-zaɓenka, sannan ka ce make. A nan na gane ashe ban ma fara gina Linux ba. Sai an gina binutils tukuna, ƙananan kayan aikin da kwamfaila ke dogara da su. Sai a gina GCC rabi-da-rabi, wadda ba ta iya komai sai haɗa glibc, rumbun da sauran shirye-shirye ke aron aiki daga gare shi. In glibc ta kammala, sai a dawo a sake gina GCC ɗin gaba ɗaya, yanzu da cikakken hankalinta. Kamar ka ce tuwo kake so, a ce maka to bismilla, fara zuwa maƙera ka ƙera fartanya, amma ka fara ƙera gudumar da za a ƙera ta.

Duk wannan sai an sauke shi, datata kuwa ta ƙare tun a binutils. Na leƙa ɗakin ƙanena da fara'ar da ban saba ba.

"Yaya, wancan bashin ma fa ba ka biya ba."

"Kunna min datarka kawai, ɗan abu ne kaɗan."

Ɗan abu kaɗan ya lashe masa datar wata. Fankar laftop ta kama kuka, rubutu yana gudu a fuska, ina kallo ina gyaɗa kai kamar ina karantawa. Ana tsakiyar GCC ta biyu aka ɗauke wuta, batirin laftop ɗina kuma daɗewarsa ba ta wuce a yi alwala ba. Na ruga na tayar da janareta cikin dare. Hajiya ta ɗaga labule.

"Kai, lafiya? Wa za a yi wa tiyata?"

"Aikin famfonki nake, Hajiya."

"Famfon yana waje, kai kana ɗaka. Allah ya shirya."

Da asuba sdcard.img, fayil ɗin da ke ɗauke da Linux ɗin nawa, ya fito. Na zuba shi a kati da umarnin dd, hannuna yana rawa, don dd ba ta tambaya sau biyu: in ka ba ta sunan faifan laftop ɗinka, sai ta share maka rayuwa ba tare da sallama ba. Allon ba ya zuwa da ƙusoshin haɗa waya, sai da mai gyaran waya na bakin titi ya narka min dalma ya dasa su, yana tambayata ko rediyo ce. Don in ga abin da allon ke cewa a laftop, na haɗa TX (mai aikawa) da TX, RX (mai karɓa) da RX, yadda hankali ya ba ni. Shiru. Ashe gicciye ake yi, bakin wannan zuwa kunnen wancan. Na gicciya, na sa gudun a 115200, sai ga rubutu yana zubowa, ya tsaya a kan Welcome to Buildroot.

Na kira duk gidan su zo su gani. Hajiya ta sa tabarau, ta duba baƙar fuska da ɗan layi yana ƙiftawa, ta ce, "To, yanzu ya kashe?" Na ce tukuna, yanzu dai ya farka. Ta cire tabaran ta aiki ƙanena ya je ya kashe da hannu.

Da yamma na karanta cewa musl, kishiyar glibc, ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Sai dai a Buildroot, in ka taɓa kayan aikin, komai sai an rushe an sake, har da GCC ɗin nan biyu. Na rubuta make clean. Ƙanena yana gani ya cusa wayarsa a aljihu. Na ce ya kwantar da hankalinsa, abin da aka sauke yana nan a jakar dl, musl kaɗai za a ƙaro. Sannan na miƙa masa galan.

"Kuɗin man fa, Yaya?"

"Fara sawa, zan ba ka."