Tafiya da jakar hannu kaɗai: tsakanin Manchester da Lawanti

A Ingila, inda nake zaune, wanda zai hau jirgin cikin gida da jakar hannu kaɗai ba ya haɗuwa da ma'aikacin kamfanin jirgi sai a ƙofar shiga. Tun yana gida zai tabbatar da kujerarsa ta waya, katin shiga jirgi ya sauka a wayar, idan ya isa filin jirgin Manchester kuma ya wuce kai tsaye wajen bincike. 'Yan uwanmu da suka zo ziyara sukan ɗauki wannan a matsayin wayewa, amma ni a ganina rabinsa tsari ne, rabinsa kuwa tsumulmula ce. Kamfanoni masu arha irin su easyJet da Ryanair ƙaramar jaka ɗaya suke bari a shiga da ita kyauta, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera, duk abin da ya wuce haka kuma sai an biya, har kuɗin akwati yakan kamo kuɗin tikitin kansa. Saboda haka Bature ya koyi naɗe tufafin kwana uku a jakar goyo, domin aljihunsa ne zai ji a jika.

A gida lissafin ya sha bamban. Tikitin Abuja zuwa Gombe yawanci yana zuwa ne da kilon kayan da za a saka a cikin jirgi ba tare da ƙarin ko kwabo ba, wanda hakan karamci ne da ya kamata a yaba. Sai dai wanda ya zo da jakar hannu kaɗai bai cika cin ribar sauƙin kayansa a lokacin tashi ba, domin sau da yawa zai bi layi ɗaya da mai akwati huɗu da buhu, ya nuna katin shaida a kanta, a ɗora jakarsa a sikeli, sannan a ba shi katin takarda ko da ya riga ya yi rajista ta intanet. Wannan ne nake ganin ya kamata kamfanoninmu da masu kula da filayen jirgi su gyara, kuma gyaran ba ya buƙatar sabon gini: layi na daban ga marasa kaya, da amincewa da katin da ke waya, sun isa.

Duk da haka ina ba duk mai gajeriyar tafiya shawarar ya tsaya ga jakar hannu, domin ribarsa tana wajen sauka da kuma ranar da al'amura suka dagule. Jirgi na sauka a Lawanti, filin jirgin saman Gombe, zai fice ya kama hanyar gari, sauran fasinjoji suna tsaye suna jiran kaya. Idan kuma hazon hunturu ya sa aka soke tashi, abin da ba baƙo ba ne a Arewa daga Disamba zuwa Fabrairu, ba sai ya jira an fito masa da akwati ba kafin ya yanke shawarar bin mota ta Bauchi da Jos. Abin lura kawai shi ne, ƙananan jirage irin Embraer 145 ba su da wadataccen wurin ajiya a saman kujeru, don haka akan karɓi jaka mai taya a gindin matakala a mayar wa mai ita bayan an sauka. Ya kamata mutum ya ciro kwamfutarsa da magungunansa da batirin cajin waya tun kafin ya miƙa ta, musamman batirin, wanda ƙa'ida ta hana a saka shi cikin kayan da ke ƙasan jirgi saboda yana iya kamawa da wuta.

Babban abin da ke hana Bagombe tafiya da jaka ɗaya ba kamfani ba ne, dangi ne. Da zarar an ji cewa ba ka da kaya, sai a fara lissafa kilon da za ka bari a banza. Gwaggo za ta aiko da man shanu da kuka da daddawa, ta ce, "Ɗan nan, ai ba nauyi, ka miƙa wa ƙanwarka," kuma babu ɗan kirkin da zai buɗe baki ya kawo mata zancen ƙa'idar mililita 100 da aka ƙaƙaba wa abubuwa masu ruwa da ke cikin jakar hannu tun shekarar 2006, bayan an bankaɗo wani shirin kai hari kan jirage a Landan. Ba na raina wannan al'ada, domin a nan Ingila mutum kan yi shekara yana tafiye-tafiye babu wanda ya tuna da shi har ya ba shi saƙo. Saƙon gida, wanda aka ɗaure a gabanka, karɓarsa zumunci ne, kuma idan ya yi yawa sai a haƙura a saka akwati.

Saƙon da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne na bakin kanta, inda wanda ba ka taɓa gani ba zai matso ya ce, "Alhaji, don Allah tunda ba ka da kaya, a rubuta wannan da sunanka." Kunya kan sa mutanenmu su amsa, alhali duk abin da aka samu a jakar da ke ɗauke da sunanka naka ne a idon hukuma. Ba a manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a ƙarshen shekarar 2018 ba, bayan wasu sun maƙala sunanta a jakar ƙwayoyi a filin jirgin Kano ba da saninta ba, wadda sai da ta shafe watanni a tsare kafin a sake ta a 2019. Ita ba ta ma karɓi saƙon kowa ba. Shi ya sa mai jakar hannu kaɗai ya kamata ya duba katinsa kafin ya bar kanta, ya tabbata ba a liƙa masa lambar wani kaya ba, idan kuma ya ga an liƙa ya nemi bayani nan take a gaban jami'an tsaro.