Yadda Surukata Ta Ci Daular Rum Da Lemun Tsami

Duk wanda ya ce maka tara tsofaffin kuɗin Rumawa sha'awa ce ta masu son zaman lafiya, ka tambaye shi ko surukarsa ta taɓa zuwa gidansa zaman jego.

Ni wani mutumin Libiya ne ya jefa ni cikin harkar. Aiki ya kawo ni York a arewacin Ingila, garin da duk inda ka juya sai ka ci karo da abin da Rumawa suka bari. A nan na ji labarin Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a gaɓar tekun Libiya, wanda ya zama sarkin Rum sukutum, ya kwaso runduna a shekara ta 208 ya zo yaƙar mutanen arewacin tsibirin nan, ya kuma rasu a York a 211. Kafin rasuwarsa ya sa an buga kuɗin azurfa ɗauke da rubutun VICTORIAE BRIT, wato an yi nasara kan Birtaniya. Ɗan Afirka ya zo har gida ya ba su kashi, ya kuma buga a kuɗi! Ni da kakana ya sha biya wa Nasara jangali, ban san lokacin da na zaro katin banki ba. Na sani a zamanin ko Ingilishi ba su iso tsibirin ba, na kuma san yaƙin bai kai ko'ina ba, don ɗansa Caracalla sulhu ya yi ya tattara komatsansa ya koma Rum. Kada dai a ɓata min jin daɗi.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Rumawa ba su da rediyo, kuɗi ne maroƙinsu, kuma maroƙi ne wanda ba ya gajiya. Octavian, wanda daga baya ya zama sarkin Rum, ya ci Masar a shekara ta 30 kafin miladiyya, bayan shekara biyu sai ga azurfa da hoton kada da rubutun AEGVPTO CAPTA, wato an ci Masar. Sarki Trajan ya murƙushe Dacia, inda Romaniya take a yau, a 106, aka zana mutumin Dacia zaune kan tarin makamai ya rasa abin da ke masa daɗi. Domitian ya buga GERMANIA CAPTA, amma marubucin tarihinsu Tacitus ya tona masa asiri, ya ce bayi ya saya a kasuwa, aka gyara musu gashi da sutura su yi kama da fursunonin Jamus don a zaga gari da su. Wanda na fi tausayi shi ne Valerian. Ya buga kuɗin nasara kan Farisawa, sai ga shi a 260 Shapur, sarkin Farisa, ya kama shi da ransa, bai sake ganin Rum ba. Kuɗin kuwa suna nan har yau suna yi masa kirari.

Kuɗin Octavian mai hoton kada ya fi ƙarfin albashina, ko kallonsa a intanet sai na yi a hankali. Abin da talaka irina yake iya saya shi ne ƙananan tagulla da aka fara bugawa a 348, zamanin Constantius na Biyu, masu rubutun FEL TEMP REPARATIO, wai kwanakin daɗi sun dawo. Hoton kwanakin daɗin: soja yana caka wa mahayi mashi, doki ya kife. An buga su da yawan da ya sa fam biyar ma tana saya maka ɗaya. Idan kana son araha sosai sai ka sayi waɗanda ba a wanke ba, da ƙasarsu da komai, ka jiƙa su a man zaitun wata da watanni, kana bi da tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori.

Haka na yi. Na samu kwalbar zuma da ta ƙare, na cika ta da mai, na zuba mayaƙana. A ciki har da babban abin alfaharina, wani ƙaton kuɗin tagulla da ake kira sestertius, na Sarki Vespasian, irin wanda aka buga a shekara ta 71 bayan ɗansa Titus ya rushe Ƙudus: IVDAEA CAPTA, wato an ci Yahudiya. Mai kyau a cikinsu kuɗinsa ya isa sayen mota 'yar hannu, ni kuwa fam 40 na same shi wurin wani dattijo a kasuwar 'yan gwanjo ta ranar Lahadi. Akwai wani ɗan dunƙulen datti a gefensa, dattijon ya ce ƙasar shekara dubu biyu ce, mai zai sassauta ta. Na tura kwalbar can ƙarƙashin famfon kicin, bayan robobin sabulu, saboda uwargida ta riga ta yi min gargaɗi kan sayen kuɗin da ba ya sayen ko burodi.

Sai Allah ya sauke ta lafiya, Hajiya surukata ta iso daga Katsina.

Wata safiya na dawo daga aikin dare, tun daga bakin ƙofa na ji karatun ruƙya yana tashi a waya. Na shiga falo. Hajiya na kan darduma da carbi, uwargida a gefe idanu sun yi ja, kwalbata kuma a tsakiyar ɗaki bisa jarida, an tsamo Vespasian da cokali an ajiye a murfi. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ba ta ko dubi inda nake ba. Da 'yarta take magana.

“Ke 'yar nan, tambaye shi. Matar nan da ta yi tagumi a gindin dabino, wace ce?”

Kaina a ƙasa na ce, “Hajiya, ku yi haƙuri, ba mace ba ce. Ƙasa ce, ƙasar Yahudiya, aka siffanta ta haka.”

“Ƙasa ce take yafa mayafi? To shi wannan na tsaye a kanta da mashi, ya taka hular ƙarfe?”

“Sarki ne, Hajiya.”

“Madalla. Namiji a tsaye da mashi, mace a zaune tana kuka, an jiƙa su a man zaitun, an ɓoye ƙarƙashin famfo inda ba mai gani. Malam, ni ba yarinya ba ce. A garinmu mallaka ake ce wa wannan.”

Uwargida ta fashe da sabon kuka. Hajiya ta sa cokali ta tsamo ɗaya daga cikin ƙananan, ta kai shi kusa da tabarau. “Wannan kuma da ake sokewa ya faɗo daga doki, wane ne a wurin aikin nasa?”

Duk wanda ya san kunyar surukuta ya san halin da na shiga. Mutumin da ko abinci ba ya iya ci a gabanta, yau shi ne zai yi mata darasin tarihin Rum a durƙushe, bayan ya kwana a tsaye. Na rantse, na kawo sunayen sarakuna, abin ya ƙara lalacewa, don a kunnenta Vespasian da Constantius sunayen aljanu ne sak. Abin da ya cece ni waya ce. Na buɗo shafin masu gwanjon tsofaffin kuɗi, na miƙa wa uwargida, ta miƙa mata. Ta ga matar dabino, ta ga farashi a ƙasa, ta sa aka juya mata shi zuwa naira. Ta yi salati.

“Au, kuɗi ne? To kuɗi ake bari da ƙazanta haka?”

A nan ya kamata in yi bayani, amma barci da kunya suka rufe min baki. Wannan koren da ke jikin tsohuwar tagulla shi ne darajarta. Ɗaruruwan shekaru yake ɗauka kafin ya zauna, kuma sau da yawa hoton ma a jikinsa yake, idan ka kankare shi ka kankare fuskar sarki. Masu harkar ko da yatsa ba sa son a taɓa fuskar kuɗi, a gefe ake riƙewa.

Washegari na tarar da faranti a kan tebur an rufe shi da faifai. Na ɗaga. Lemun tsami, gishiri da soson ƙarfe sun yi aikinsu. Rundunata gaba ɗaya tana walƙiya, jawur, sumul. Babu soja, babu doki, babu kwanakin daɗi. Constantius ya koma wani abu mai kunne ɗaya. Abin da Farisawa da Jamusawa suka kasa yi wa Rum cikin ƙarnoni, Hajiya ta gama shi tsakanin azahar da la'asar, tana goye da jaririya.

Tana zaune tana jiran godiya. Na durƙusa. “Allah ya saka da alheri, Hajiya. Allah ya ƙara girma.”

“Ba komai. Babban ne ya ba ni wahala, da ƙyar dattin gefen ya fita. Akwai ma rubutu a ƙarƙashinsa.”

Uwargida ta ɗauka ta juya shi wajen taga. Haruffa huɗu ne, ƙanana, a tsare tsaf, ba irin na maƙeran Vespasian ba. Ta karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: COPY. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki tana cewa a taimake ta, ita mai jego ce. Da aka fassara wa Hajiya, sai ta girgiza kai ta ce wa 'yarta, “Ashe ma ko asirin ne, na jabu aka ba shi.”

Man kuwa ta ce ba a zubar da zaitun, itace ne mai albarka, za ta riƙa shafawa a gwiwa. Man da ya koma kore shar. Sai da na sayo mata sabuwar kwalba kafin ta sake shi. Severus ɗina na azurfa ya tsira don yana cikin akwati, amma da ta gan shi ta ce wannan kam ya yi kyau, a kai wa maƙeri ya huda shi a rataya wa jaririya. Yanzu a cikin safa yake kwana.

Da ta koma gida labari ya bazu a dangi cewa mijin 'yarta yana sayen mataccen kuɗi da fam na Ingila. Tun daga ranar WhatsApp ɗina bai huta ba. Hotunan anini, taro, sisi, sule, har da wata fataka da aka ce ta kakar kakar wani ce. Jiya kawun uwargida ya turo hoton kwabo mai huji na 1945, da saƙon murya na minti shida. Ya ce ya ji ni sai kuɗin sarkin da ya ci yaƙi nake saya, to wannan na Sarki Joji ne, wanda ya ci yaƙin Hitila, kuma da mutanen Katsina aka je Bama, saboda haka nasarar ma tamu ce. Fam 200 yake so, amma tunda ni na gida ne zai bar min a 150. Ya ce kada in damu da wanki, Hajiya ta riga ta goge shi.