Ranar da Sephiroth ya mayar da ni kwaɗo a gaban majalisa

Tunda labarin ya riga ya zagaya gari a bakin waɗanda ko ƙofar gidan ba su taka ba ranar, bari in ba da nawa, don na ji har an fara cewa wai kuka na yi. Ban yi kuka ba. Hayaƙin janareta ne ya shigo ta taga.

Kun dai san asalin rigimar. Wasan bidiyon nan Final Fantasy VII, faifai uku, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997 a kan PlayStation ta farko. Mu bai iso hannunmu ba sai wajen 2001, a ɗakin zauren Yaya, lokacin ko rabin Turancin ba ma ji, maɓalli kawai muke dannawa har rubutu ya wuce a fara faɗa. Wata bakwai na yi ina bin sa, na kai faifai na uku, awa sittin da ɗoriya. Sai wani bawan Allah ya ari memori kad ɗina, ɗan katin da ake sebin, wato ajiye inda aka kai a wasa, na kwana ɗaya.

Ba zan kama suna ba, ya san kansa, ku ma kun san shi. Memori kad na wancan zamanin gurbi goma sha biyar ne da shi. Nawa sebin ɗin gurbi ɗaya ya ci. Ɗaya tak. Akwai na wasan tseren mota da babu wanda ya ƙara taɓawa, akwai wasu tarkacen da ko mai su bai san na mene ne ba. Duk ya tsallake su, ya zaɓi nawa ya goge, don ya ajiye ƙungiyarsa ta wasan ƙwallo na Winning Eleven, wadda yake sa Roberto Carlos a gaba kamar kowane mara kunya. Da na tambaye shi, cewa ya yi bai ga hoton ƙwallo a jiki ba, ya ɗauka shara ce. Mutumin nan shi ne babban aboki a bikina. Na ranta masa kuɗin taya, sau biyu, ɗaya har yau shiru. Ya zo sunan 'ya'yana duka, ya ci, ya ƙulla a leda. Sama da shekara ashirin, kalmar "yi haƙuri" ba ta taɓa giftawa ta bakinsa ba. In na tayar da zancen sai ya ce, "Mutumina, har yanzu kana kan wannan?" Eh, ina kai.

To bana sai Allah ya kawo dama. Yayata ta ƙwace PlayStation 4 ɗin ɗanta saboda jarrabawa, ta kawo gidana ajiya, wai ni ne babba mai hankali. A daren na sayi wasan. Ba sabon da aka sake ginawa a 2020 ba, ainihin tsohon nake so, mai mutane kamar an sassaƙa su da sabulu. Da aka zo wurin raɗa wa 'yan wasa suna, Barret, ƙaton nan mai bindiga a madadin hannu, na goge sunansa na rubuta Barawo, don tunawa da mutumin nan, tunda wasan ba shi da harafi mai ƙugiya. Ita kuma Tifa, budurwar da ke cikin tawagar, na sa mata sunan da na sa mata a 2001. Tuna baya ne kawai, wallahi, babu wata manufa. 'Yan layinmu na da sun san sunan.

Gaskiya a kwanakin farko sai da na yi ta mamakin idon da muka kalli abin nan da shi muna yara. Cloud, jarumin wasan, da muke gani gwarzo, hannuwansa kamar an ɗaura bulo a ƙarshen sanda, babu yatsu, baki ma sai an yi bincike. Ka shiga ɗaki ka rasa ƙofa, ka yi ta goga kafaɗa a bango. Ga faɗan ba-zata: taku biyar, allo ya murɗe, dodo ya tare ka, ka kashe shi, taku biyar, wani ya tare ka, kamar mai ɗauke da buhun albasa a hanyar kasuwar ƙauye. Turancin ma da nake ji yanzu, ashe a wasu wuraren shi kansa a karye yake, mun yi ta zargin kanmu a banza.

Amma kiɗan yana nan daram, kiɗan Nobuo Uematsu, na fara jin na buɗe wasa sai ƙamshin ɗakin zauren Yaya ya dawo mini, har da warin takalma. Tsarin materia ma, duwatsun tsafin nan da ake cusawa a ramukan makami a haɗa wannan da wancan, har gobe ya fi na wasanni da yawa da yaran yanzu suke yi daɗi. Labarin kuma sai yanzu na fahimce shi. Kamfanin Shinra yana zuƙe ran ƙasa, abin da suke kira mako, yana mayar da shi wutar lantarki yana sayarwa, masu kuɗi a saman faranti, talakawa a ƙarƙashi ko rana ba sa gani. Mugun kamfani ne, babu musu. Sai dai na lura da abu guda da ban lura da shi ba ina yaro: awa nawa na yi a Midgar, birnin nasu, ko a unguwar talakawan fitilu a kunne suke. Ni kuwa da nake ƙoƙarin rusa su, sai da na sayi fetur kafin in iya.

Mutuwar Aerith, ɗaya daga cikin 'yan tawagata, a ƙarshen faifai na farko, na san tana zuwa, na shirya, amma duk da haka sai da na tashi na je na sha ruwa.

Wata uku na kai Ramin Arewa, inda za a yi ta ta ƙare da Sephiroth, babban mugun wasan. Nan ne shaiɗan ya raya mini in gayyaci majalisa. Na sayo tsire da balangu, Uwargida ta haɗa zoɓo, na ce kowa ya zo bayan La'asar ranar Asabar ya ga yadda ake rama bashin shekara ashirin. Na aika wa Barawo saƙo na musamman. Yayata ma ta bar yaron ya zo, tunda an gama jarrabawa.

Kuma na yi cika baki, wannan na amsa. Wannan fitowar ta PlayStation 4 an sa mata maɓallan sauƙi: ka danna sandar hagu ta hannun gem wasa ya yi gudu ninki uku, ka danna ta dama jininka ya cika ya yi ta cika, ka danna duka biyun dodanni su daina tare ka. Na tsaya a tsakiyar falo na ce waɗannan na ragwaye ne da 'yan zamani, mu da muka taso a kan faifan da sai an goga a riga kafin ya yi, ba ma taɓa su. Har nuna yaron na yi da yatsa ina faɗa.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, a ramin nan babu wurin sebin. Wani dutse ake ba ka guda ɗaya, ka dasa shi inda kake so, sau ɗaya. Ni kuma saboda tsoron abin da ya faru a 2002, ina samun sa na dasa shi nan take, a can bakin rami. Ma'ana in aka kashe ni a ƙasa, sai na sake gangarowa tun daga sama, a gaban mutum tara da suka riga suka cinye tsire.

Mutum goma, in an haɗa da mai gyaran janareta. Shi wannan tun ƙarfe biyu ya gama aikinsa, na biya shi, har na ƙara masa na mota. Ya ce bari ya ɗan tsaya ya ji ƙarar injin ko ta daidaita. Daga jin ƙara sai ga shi a bakin ƙofar falo, daga bakin ƙofa sai kan kafet, daga kafet sai na waiga na gan shi a kujerata, wadda ko Uwargida ba ta zama a kai, da tsinken tsire biyu a hannu. Bai taɓa ganin wasan ba, bai san kowa a ɗakin ba, amma babu wanda ya kai shi sharhi. "Alhaji, wancan mai farin gashin shi ne bos? Ai daga gani ka san ba ya sallah." "Alhaji, me ya sa kuke tsayawa a layi sai ya dake ku kafin ku rama?" Na fara yi masa bayanin cewa kowa da lokacinsa ne, sai ya ce su a garinsu ba a haka.

Na wuce dodon da ake kira Jenova, na wuce siffar Sephiroth ta farko, ina ta ɗaga kafaɗa. Sai ga ta ƙarshen, yana shawagi a cikin gajimare, fiffike a madadin hannun dama, ana rera waƙa kamar a coci. Ɗaki ya yi tsit. Can ya kira Supernova.

Wanda bai sani ba, wannan duka ne da yake ɗaukar wajen minti biyu ana nuna shi, kuma ba a tsallakewa. Lissafi ya cika allo, wani tauraro mai wutsiya ya taso daga can ƙarshen sararin samaniya, ya farfasa duniyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa cikin rana, rana ta kumbura ta haɗiye na kusa da ita, sannan ta zo ta same ku ku uku a tsaye. Karo na farko majalisa ta yi salati. Karo na biyu mai janareta ya ajiye tsinke ya ce, "Alhaji, wannan babbar duniyar ba ɗazu ya fasa ta ba? Wa ya gyara?" Aka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni ban yi ba, don na ga abin da ya rage na jinina.

Shi dukan ba ya kisa, sai dai ya bar ka da ɗan kaɗan, kuma ya rikita wa wasu kai. Wanda ya rikice a cikin nawa kuwa Barawo ne. Ya juyo da bindigarsa ya buɗe wa 'yan uwansa wuta. Sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasan allo. Sai a lokacin mai sunan na gaske ya karanta, ya yi shiru, ya sake karantawa, ya ce, "Kai, wa kake nufi da wannan?" Na ce suna ne kawai. Ya ce, "To ai ga shi nan ya sake goge ka." Ban san wanda ya faɗo daga kan kujera ba, amma na ji ƙara.

Ina ta kokawar farfaɗo da mutane, Sephiroth ya nuna Cloud, hayaƙi ya tashi. Da ya washe, babu Cloud, babu doguwar takobi. Kwaɗo. Ɗan ƙaramin koren kwaɗo a tsugune a gaban halittar da ta gama cinye rana, kuma sunana ne a jikinsa. Akwai wani ƙyalle da ake ɗaurawa yana kare mutum daga irin wannan, ina da shi guda ɗaya, na ɗaura wa Tifa. Kada kowa ya tambaye ni dalili.

Kwaɗo ba ya tsafi, ba ya kiran aljanu, sai dai ya yi tsalle ya kai ɗan dukan da ko sauro ba zai ji ba. Na dubi jini, na tuna tsawon ramin, na tuna tsire ya ƙare. Hannun gem ɗin yana ƙarƙashin babbar rigata. Na yi tari, na danna sandar dama.

Jini ya cika fal, na kowa, lokaci ɗaya. Na ɗaure fuska kamar wata dabara na yi. Daƙiƙa uku na samu na mutunci. Sai muryar yaron nan daga bayan kujera, a hankali, da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo: "Kawu, wannan 'yar alamar da ta fito a gefen allo, ta mece ce?"

Ya sani. Na'urarsa ce. Na ce wace alama. Ya taso, ya zo har gaban talabijin, ya ɗora yatsa a kanta. Na ce rigata ce ta danna. Mai janareta ya ce, "Ai Alhaji rigar ta iya wasa." Barawo ya miƙe tsaye yana maimaita jawabina na ragwaye da 'yan zamani, kalma da kalma, har da nuna yatsan, mutumin da ya kasa tuna bashin taya. Kuma duk wannan abin da na jawo wa kaina bai ma warkar da ni ba. Jini a cike, amma kwaɗo yana nan kwaɗonsa, sai dai yanzu lafiyayyen kwaɗo ne.

Na buɗe jakar kaya ina neman magani. Yaron ya ce shi ya san shi, ya karanta sunan da ƙarfi, ya kuma fassara wa mai janareta don kada a bar shi a baya: "Sumbar budurwa." Wa zai ba ni? Tifa ce kaɗai ke cikin hayyacinta. Daidai nan labule ya ɗaga, Uwargida ta shigo da zoɓo zagaye na biyu. Ta ajiye tire. Ta dubi allo. Ta karanta sunayen nan uku na ƙasa, ta daɗe a kan na ukun. Ta ce, "Abban yara, ashe tana nan da rai." Ta fita. Ba ta buga ƙofa ba, da ta buga ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan nan na kashe shi, ba wani abin a zo a gani, da jinin da ba ya ƙarewa ko akuya za ta iya. Sai aka kawo karon ƙarshe, Cloud da Sephiroth su biyu a cikin duhu, babu riga a jikin mugun. Na kashe alamar kowa yana gani, na miƙe tsaye, na ce to yanzu ku kalli na gaskiya. Na saki saran nan goma sha biyar, ya faɗi, na ɗaga hannu sama. Yaron ya ce, "Kawu, wannan ba a faɗuwa. Ko ka ajiye hannun ka tafi, shi zai rama da kansa."

Aka kira Magariba, mutane suka fara neman takalma. Na tsayar da hoton, muka je muka dawo, saura mu uku. Ƙarshen ma ban gama gane shi ba: haske, rubutun sunaye mai tsawo, sai aka ce bayan shekara 500, wani jan zaki na cikin tawagata yana gudu da 'ya'yansa, Midgar ta zama daji. Mai janareta ya tambaya ko mutanen sun mutu ne. Na ce ban sani ba. Ya ce fulogin da ya sa mini na wucin gadi ne, zai dawo Talata.

Barawo kuma yana ta latsa hannun gem, wai ko akwai ƙwallo a ciki.